Eriyar da Ka Bar Mana a Kan Rufi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata bakwai ga wata, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana. Yaya, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yabi tsayuwarka kan magana ɗaya. Ni ma na yaba, don na fi kowa sanin nauyinta: kilo talatin ce, tana kan rufin ɗakin matarka.

Shekara ashirin ina sayar da bututu a kasuwa, amma da ka tashi haɗa eriyar rediyonka na oba-oba, shawarata ko zaure ba ta wuce ba. Na ce ka ɗauki bututun alminiyum, ba shi da nauyi, ɓarawo ba ya waiwayensa. Ka ce jan ƙarfe ne ke kama likin dalma, shi kuwa alminiyum sai ɗauri da noti, mahaɗarsa ta yi fari ta shaƙe murya. Gaskiya ka faɗa. Ni ma gaskiya na faɗa, sai dai kai ne babba.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Rediyoyin unguwa kaf a teburinka suke warkewa, kyauta. Shekarar da ambaliya ta katse waya, da wannan eriyar ka kira wa matar telan unguwa motar asibiti. Da ɓarin jikinka ya shanye, shekara shida duniyarka ba ta wuce gado da taga ba. Ta wannan bututun kake fita kullum, ka gaisa da mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Shi ya sa na kasa musa maka ranar da ka riƙe hannuna a gaban 'ya'yanka, ka ce, "Ƙanena, kada ka bari a sauke eriyar nan." Na ce to.

Yanzu bututun ya yi ciki, turkensa ya tsaga kwanon rufi, ruwa na zuba daidai kan gadon matarka, ita kuma tana takaba, ba halin barin gida. Mai gyaran rufi ya ce ba ya hawa sai an sauke. Sau biyu ɓarayin ƙarfe na haura katanga. Jiya matarka ta dire bokiti a gabana, ta ce, "Mai bututu, kai ka yi alkawari, ni ke kwashe ruwa."

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Ku kuma malamai, ina da tambaya. In na sa alminiyum a madadin jan ƙarfen, na shafa masa jan fenti, na sauke ta ke nan ko ban sauke ba?