Ƙarfen Veturia da Matakala Shida

Kamfanin da ke tura mata masu jinyar tsofaffi daga yankinmu zuwa Austria ya janye dokar yin mako takwas a jere a bakin aiki. Sanarwar ta shiga wayoyin ma'aikatan ranar Litinin da ta gabata, layi uku, babu ban haƙuri a ciki. Mata sama da ɗari biyu za su ci gaba da yin mako huɗu a bakin aiki, mako huɗu a gida, kamar yadda suka saba. Sanarwar ba ta ambaci matar da ta jawo hakan ba. Sunanta Veturia Jurca, 'yar garin Bocșa, shekarunta hamsin da tara. Sha huɗu daga ciki ta yi su tana kai da kawo tsakanin gidanta da gidajen tsofaffi a kewayen birnin Graz na Austria. Shafin yau nata ne.

Kullum da shida na safe, ko tana Bocșa ko tana Austria, Veturia takan jawo wani ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ƙarfen sikeli ne mai kilo goma, baƙi, mai mariƙi a ka, irin wanda ake auna buhun alkama da shi. Ta taho da shi daga injin niƙan da ta yi wa aiki shekara sha tara, ranar da aka rufe injin. Takan ɗaga shi daga ƙasa zuwa ƙirji sau arba'in. Ta rungume shi ta tsuguna ta miƙe sau talatin. Idan gidan da take na da bene, ta hau da shi ta sauko sau biyar. Minti ashirin ke nan. Sai bayan haka take ɗora ruwan kofi.

Ba sha'awa ce ta fara sa ta ba. A shekararta ta biyu a wannan aiki, tsohuwar da take jinya ta zame a kicin. Veturia ta sunkuya za ta ɗaga ta, bayanta ya riƙe. Su biyun suka kwanta a ƙasa awa biyu, har mai raba wasiƙu ya ji kira ta taga. Mai gashin ƙashin da ta duba ta a asibiti ta ce mata da gwiwa ake ɗaga mutum, kuma gwiwar sai an horar da ita. Daga wannan mako zuwa yau, shekara sha biyu, Veturia ba ta ɗauki hutun rashin lafiya ko na yini ɗaya ba.

Mitru Bulzan ne direban ƙaramar bas ɗin da ke kai su ya dawo da su. Tafiyar awa tara ce idan iyaka ba ta cika ba. Ya ce tun ranar da ya fara ɗaukar jakarta ya san akwai magana.

"Tanti Veturia, ki ji tsoron Allah. Mata na dawowa da kofi da garin sabulu, ke kina zagaya ƙasa uku da ƙarfe. Tayoyina ne ke shan wahala."

"Tayoyinka da tumbinka suke kuka, Mitru. Ƙarfena kilo goma ne tun ranar da ka san shi. Kai fa?"

Matan bas ɗin sun sa wa ƙarfen suna, angon Veturia. Kafin mota ta tashi sai wata ta leƙo daga baya ta tambaya ko an ɗaura wa ango bel.

A gidan man da suke tsayawa bayan garin Szeged, da can matan kan sha taba su koma kujera. Veturia ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a gefen filin ajiye motoci, su tsuguna su miƙe, ango na wucewa daga hannu zuwa hannu. Aurica Petcu, abokiyar canjinta, wato wadda ke karɓar gidan idan Veturia ta tafi hutu, ta ce ranar farko, tun kafin a haɗa su gida ɗaya, ƙin fitowa ta yi.

"Na ce mata, 'yar uwa, ni fa ina da surukai. Idan wani ya ɗauke ni a waya ina tsalle a gidan mai, da wane ido zan shiga coci? Ta ce idan bayana ya karye ba da ido zan shiga cocin ba, a kafaɗar mutum huɗu za a shigar da ni."

Direbobin manyan motoci kan danna musu ham. Mitru ya shaida wata rana da wani direba ɗan garin Arad ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Kakanni, wane kulob kuke buga wa?" Veturia ba ta ajiye ƙarfen ba. Ta ce, "Kulob ɗin da zai yi maka wanka nan da shekara ashirin. Rage cin tsiran alade, ka tausaya mana." Yanzu motoci uku ne ke tsayawa a wurin, kuma ba sai tana cikin tafiyar ake yi ba.

Wanda ya tsaya nan zai ɗauka labarin wata mai son motsa jiki ne. Sauran labarin yana wani gida a titin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Bocșa.

Mijinta, Trandafir, tsohon maƙerin masana'anta ne. Shekara biyar da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Nauyinsa kilo tamanin da huɗu. Tsakanin ƙofar ɗakinsa da tsakar gida akwai matakala shida, masu tsayi, a wuri mai ƙunci. Wani maƙwabci ya taɓa ɗora katako a kai don keken guragu ya gangara, keken ya kusa kifewa, aka cire. 'Yarsu Sorina, wadda ke aiki a kantin magani, ita ke kula da shi idan uwar ba ta nan. Tana ciyar da shi, tana yi masa wanka, tana mayar da shi kujera. Matakalan ne suka fi ƙarfinta. Saboda haka duk kwana ashirin da takwas da Veturia ke Austria, Trandafir ta taga yake ganin tsakar gidansa.

Maƙwabta sun san abin da ke faruwa ranar dawowarta. Ba ta cire rigar sanyi. Takan ɗaura masa faffaɗan bel a ƙugu, ta ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗarta, ta lanƙwasa gwiwa, su sauka mataki ɗaya, su huta, su sauka na biyu. Harshensa ya yi nauyi, amma ana jin abin da yake cewa.

"Kin makara, Veto."

"Kai kuma ka ƙara ƙiba. Me Sorina ke ɗura maka?"

Daga nan kullum sai ya sauka, har ranar komawarta. Yakan zauna ƙarƙashin rumfar inabi yana ba ta umarnin yadda za ta yanke rassa, tana yin yadda ta ga dama. Ranar Lahadi a can ake kai tebur, a sha miyar taliya, Sorina da mijinta su zo. Lahadi huɗu ake samu, sannan bas ɗin Mitru ya tsaya a ƙofa.

A watan Yuli kamfanin ya tara ma'aikatansa a wani zaure a garin Reșița. Jami'in da ke tsara musu aiki, Ovidiu Marcu, ya karanta sabon tsari: mako takwas a can, mako takwas a gida. Ya ce tafiye-tafiye za su ragu, tsofaffi ba sa son yawan canjin fuska, kuma a ƙarshen shekara kwanakin gida ɗaya ne. Wata ta ce bayanta ba zai ɗauki kwana hamsin da shida a jere ba. A nan ya yi kuskurensa. Ya nuna Veturia a sahu na uku, ya kira ta da laƙabin girmamawa.

"Ga Doamna Jurca nan. Shekara sha biyu babu hutun rashin lafiya. Idan ita a shekarunta za ta iya, wa ke da uzuri?"

Veturia daga bas ta wuto taron, jakarta na gefenta. Mutum huɗu da suka halarta sun ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta buɗe jakar, ta fito da ƙarfen, ta je ta dire shi a gaban teburinsa.

"Domnul Marcu, ɗaga mini wannan."

Ya yi dariya, ya sunkuya, ya ɗaga.

"Da baya ka ɗaga. Yi hakan sau ashirin a yini da mutum mai kilo tamanin, kafin Kirsimeti ɗayarmu za a turo maka." Zauren ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. "Ka saurare ni, ɗana. Wannan bayan ba na kamfani ba ne. Aron sa nake ba ku mako huɗu, in mayar da shi gida, don akwai mai jiran sa a saman matakala shida. Ka ce lissafin ɗaya ne. A takarda ɗaya ne. Je ka zauna a bakin taga kwana hamsin da shida, ka dawo mu sake lissafin."

Marcu ya ce tsarin ya riga ya wuce matakin tattaunawa. Ta ɗauki ƙarfenta, da gwiwa, ta fita.

A wajen zauren wasu suka ce a ajiye aiki gaba ɗaya, kowa ta baro gidan da take. Veturia ta ƙi. Ta ce tsohon da ke kwance a Graz ba shi ya rubuta doka ba, kuma ba za a bar ko ɗaya a gado babu mai juya shi ba. Shawararta ta fi haka sauƙi. Takardar da kowace ta sa wa hannu kwana ashirin da takwas ta ce. Kada kowa ta sa hannu a sabuwa. Kowane gida mata biyu ke riƙe da shi. A rana ta ashirin da takwas, abokiyar canji ta ƙwanƙwasa ƙofa kamar kullum, ta ciki ta miƙa mata makulli da jerin magunguna, ta shiga bas. Kamfanin ya ce ba zai kama musu kujeru a bas ba. Suka kira Mitru da kansu.

A makon farko na Agusta gidaje biyar suka yi canjin. Kamfanin ya aika saƙo cewa duk wadda ta canja ba da izini ba za a cire sunanta. Zuwa tsakiyar Satumba gidajen sun kai ashirin da biyu, mata arba'in da huɗu. Babu tsohon da ya kwana shi kaɗai, babu maganin da aka tsallake. Iyalan tsofaffin suka fara rubuto wa kamfanin. 'Yar Alois Hofer, dattijo mai shekara casa'in da ɗaya da Veturia da Aurica suka yi shekara uku suna jinya, ta rubuta cewa mahaifinta ya san fuskokin biyu sarai, kuma a shekara uku a kwance ko gyambon kwanciya ɗaya bai yi ba. Ta tambaya me ya lalace da ake son gyarawa.

Alois Hofer ya rasu ranar sha tara ga Satumba, a lokacin aikin Veturia. Ta tsaya har aka binne shi, sannan ta dawo gida. Cikin kwana goma aka ba Aurica sabon gida. Ita ba a ba ta ba. Sau biyu jerin sunayen waɗanda aka ba aiki ya fito tun daga lokacin, da sababbin gidaje tara, babu sunanta. Na kira Marcu ranar Laraba. Ya ce ba a samu gidan da ya dace da ita ba tukuna. Na tambaye shi ko hakan na da alaƙa da taron Reșița. Ya ce suna girmama Doamna Jurca ƙwarai. Aikin nan shi ke riƙe da gidan Jurca, kuma sauran kamfanoni sai sun nemi shaida daga wanda mutum ya baro.

Tanti Veturia, ke ce kika gane abin da yawancin masu tafiyar neman abinci ba sa ganewa sai sun kwanta: jikin da kake kai wa aiki shi ne dai wanda za ka dawo da shi gida, babu na biyu a ajiye. Ke ce kika ware minti ashirin daga kowace safiya, a gidan da ba naki ba, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya yaba. Da aka zo yabon, don a ɗaure 'yan uwanki da shi aka yi, kika mayar wa mai shi kayansa. Ginshiƙin gida biyu, kin yi faɗa ba ki bar marar lafiya ko ɗaya ya biya kuɗin faɗan ba. Mun gode. Mata ɗari biyu za su ci Kirsimeti ko Sabuwar Shekara a gida bana saboda ke, ciki har da waɗanda suka sa hannu a sabuwar takardar tun ranar farko.

Ga mai karatu da ke rayuwa tsakanin jaka da ƙofar gida, direba ne ko birkila ko mai jinya: nemi ƙarfenka. Ba sai ya kai kilo goma ba. Ka kuma san matakalan da ke jiran ka a gida, ka san adadinsu, don ranar da za a ce maka lissafin ɗaya ne. Ga matan da suka amfana, lambar ofishin kamfanin na cikin wayoyinku, ku kira ku tambayi ina sunan Veturia.

Na same ta ranar Alhamis da hantsi a tsakar gida. Trandafir na ƙarƙashin rumfar inabi, bargo a gwiwa. Kwana talatin ke nan a jere yana sauka, abin da bai taɓa samu ba tun da ya kwanta. Na tambaye ta ko ta yi nadama.

"Tambayi wancan. Shi ya ci riba."

Trandafir ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ta dame ni. A mayar da ita."

"Ka ji ko? Shekara talatin da takwas ina jin wannan."

Jakarta na bayan ƙofa, a ɗaure. Ƙarfen ne kawai ba ta saka ba, don akwai shida na safiyar gobe. Mitru ya ce ya bar mata kujerar da ke bayan direba, ya hana mutum biyu ita, kuma zai iya riƙe ta zuwa Juma'a mai zuwa. Jerin sunayen Nuwamba zai fito ranar ashirin da takwas ga wata. Har zuwa lokacin da muka kai wannan shafi ɗab'i, ba a kira ta ba.