Akuyar da Ta Jira Mu a Manchok

Kaduna, shida saura kwata

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tudun Wada, ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Kirsimeti. Sanyi ya kama tsohuwar motata, wadda yara ke kira Kunkuru, sai da maƙwabta biyu suka tura ta kafin ta yarda ta yi tari. Mu uku ne: ni, da mai ɗakina Binta, da 'yarmu Hauwa, wadda a ranar take cika shekara goma. Ƙananan mun bar su wajen kakarsu.

Manchok muka nufa, gidan Yohanna. Shekara goma sha biyu muna haya gida ɗaya da shi a Kafanchan, yana aikin jirgin ƙasa, ina sayar da yadi a kasuwa. Rana ɗaya matanmu suka haihu, shi ya sa unguwa ke kiran Hauwa da 'yarsa Rifkatu tagwaye. Duk Kirsimeti, da duk ranar haihuwar yaran, ni nake yanka masa akuya, domin Musulmin gidan su ci ba tare da tambaya ba. Shekarar da gari ya rikice na kwashe iyalina da asuba, ban ko ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ya aiko wasiƙa biyu, kunya ta hana ni amsawa. Ta ukun ce ta faɗa hannun Hauwa. Ya yi ritaya, ya koma garinsu, yana cewa a kawo masa 'yarsa Hauwa ranar haihuwar tagwaye, ƙarfe sha biyu za a ci abinci. Ita ta rubuta amsa da kanta, ni dai ɗan aike ne zuwa tasha.

A but ɗin motar akwai kula cike da dafa-duka da soyayyar kaza. Ni na sa aka yi. Na ce wa Binta shekara uku ba kwana uku ba ce, ba mu san yadda gidan ya koma ba, kada mu je mu rasa abin ci. Ta dafa.

Mararaban Rido da Kujama

Shida da kwata muka iske shingen 'yan sanda a Mararaban Rido, suna jin ɗumin wutar da suka hura. Ɗaya ya leƙo, ya ga Hauwa rungume da leda.

"Yarinya, mene ne a ciki?"

"Anko ne, ni da ƙawata. Yau muke cika shekara goma."

"To Allah ya raya. Oga, wuce, kar a makara biki."

A Kujama muka sha koko da ƙosai a bakin hanya, na naira biyu ya ishe mu. Mai ƙosan ta ce hanya lafiya lau, ban da ramukan gaban Kufana. Hauwa ta ƙi cin komai, wai tana ajiye ciki.

Gaban Kufana, takwas da minti goma

Ramukan ba su yi mana komai ba. Fanbel ɗin inji ne ya tsinke. Na buɗe gaban mota na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Wani manomi da ke ɗauke da buhun citta a babur ya tsaya, ya sauke buhun a gefen hanya, ya ce wa Binta, "Madam, ki duba mini shi." Ya goya ni har Idon wajen bakanike. Bakaniken ya je gona, aka bi shi. Da ya zo, fanbel ɗin da yake da shi ya yi tsawo, sai da aka ciro wani daga wata mota da ta shekara a kwance.

Sha ɗaya da rabi muka tashi. A raina, gaskiya, na ɗan ji sauƙi. Na ce, "Yanzu ko mun je an watse. Mu juya mana, ma aika musu da ankon."

Hauwa ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, ai na rubuta musu za mu zo." Binta ta gyara zama tana kallon gaba. Na sa giya.

Kachia, Zonkwa, Kafanchan

Sha biyu da rabi muka ratsa Kachia, duk gefen titi an shanya citta, ƙamshinta har cikin mota. A Zonkwa muka yi azahar, na ƙara wa Kunkuru ruwa. Da na bi ta Samaru da mun rage hanya, amma Binta ta ce tana son ganin gida, sai muka bi ta Kafanchan.

Biyu da rabi muka shiga. Na rage gudu a ƙofar gidanmu na da. An sake fenti, bishiyar gwaibar na nan, wata mata da ban sani ba tana shanya a igiyar da ni na ɗaura. Hauwa ta nuna tagar su Rifkatu. Ni ƙofar Yohanna na kalla, taku biyar ne daga tawa zuwa tasa. Ban tsaya ba.

Daga nan hanya ta bi gindin dutsen Kagoro. Iska mai sanyi tana saukowa daga kansa, muka ɗaga gilashi. Wajen kilomita talatin ne zuwa Manchok, na yi su a hankali fiye da yadda hanyar ke buƙata.

Manchok, uku da minti ashirin

Ba mu sha wuyar neman gidan ba. Na tambayi wani mai babur gidan Yohanna na reluwe, ya ce, "Ku ne baƙin Kaduna? Tun safe ana jiranku."

Yara sun kai ashirin a tsakar gida, zaune kan bencin da aka aro daga coci, kowa da kwanonsa, babu mai komai a ciki. Manyan tukwane biyu na kan murhu, ruwa na tafasa. A gindin mangwaro kuwa ga jar akuya a ɗaure, tana tuƙa abinta.

Hauwa ta ɓalle ƙofa tun ban gama tsayawa ba. Yohanna ya taso, ya yi furfura, tafiyar dai ita ce. Duk jawabin da na tsara tun daga Kujama ya gudu.

"Baban Rifkatu, mota ce ta..."

"Malam Sani, bar zancen mota. Ka iso. Akuya ɗin yana jiranka, yara ma yana jiranka."

"Ba ku yanka ba? Tun sha biyu?"

"Wa zai yanka? Na ce masu mai yanka yana hanya."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Wuƙata ce, mai ƙotar ƙaho, wadda na bari a saman taga ranar da na gudu. Ya ce, "Jiya na wasa shi. Ka manta shi a gida." Haka ya faɗa, ka manta, kamar kasuwa na je na daɗe.

Ina riƙe da wuƙar na ji an buɗe but. Saratu ce, matarsa, tana taya Binta sauke kaya. Ta ɗaga murfin kular, ta ga shinkafa da kaza, ta dubi Binta, ta dube ni. Saratu ba yarinya ba ce, ta gane. Na so ƙasa ta tsage. Sai ta ɗauki kular ta juya wajen yara. "Ku kawo kwano! Maman Hauwa ta kawo maku abin taɓawa kafin nama ya nuna."

Yohanna ya riƙe ƙafafun akuya kamar yadda ya saba, na fuskantar da ita alƙibla, na yi bisimilla. Da muka miƙe na ce, "Ka yafe mini, na tafi ban yi maka sallama ba." Ya ce, "Na ji ƙarar motanka ranan. Na tsaya a bayan ƙofa, ni ma ban buɗe ba. Ɗauko wancan roba, mu feɗe."

Biyar da rabi aka ci abinci: tuwon acca da miyar karkashi, da shinkafa, da nama. Ankon ya zauna wa Hauwa daidai, Rifkatu kuwa ta yi tsawon da rigar ta tsaya mata a gwiwa, ta ƙi cirewa. Yara suka yi musu waƙa, Saratu ta yi addu'a irin tasu, aka ce ni ma in yi, na yi. A ɗakin da aka sauke mu na tarar da buta da sabuwar tabarma.

Lahadi, komawa

Bakwai da rabi muka yi sallama, kafin su tafi sujada. Tagwaye sun sha kuka, aka yi alkawarin baɗi a Kaduna. Na miƙa wa Yohanna wuƙar, na ce ta zauna nan, ina da dalilin dawowa. Saratu ta sa kular a but da hannunta, na ji ta yi nauyi. Soyayyen nama ne har baki.

"Malam," in ji ta, "wannan kam ka san wanda ya yanka."

Binta ta yi dariyar da ta riƙe tun jiya da asuba.

Ta Samaru muka biyo, Kunkuru ba ta ko yi atishawa ba. Biyu saura muka shiga Tudun Wada. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa manomin cittar da ban tambayi sunansa ba, da mutanen gidan Manchok, da yaran da suka zauna da yunwa har la'asar saboda wani mutum da ya so ya juya a hanya.