Gaisuwa Ɗaya, Sai a Jira

Shekarun baya can, babu abin da ke sa gabana faɗuwa kamar zuwan mahaifiyata daga Nangere. Ina son ganinta mana, ɗana ne damuwata. Likita ya ce yana da lalurar otizim, mai wahalar da yaro wajen magana da mu'amala da mutane, kuma har ya isa shiga makaranta bai taɓa gaishe ta ba.

Ita kuwa gaisuwarta kamar ruwan Agusta. Tun daga zaure take farawa: "Angona, ina kwana, ina gajiya, ya makaranta, ka manta da tsohuwar matarka ne?" Sai yaro ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa. Wata rana na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kowa jikansa na gaishe shi, ni nawa guduna yake." Daga nan ta rage zuwa, abin ya ci min rai sosai.

Maƙwabciyata ce ta nuna min wata malama a unguwar Dogo Nini mai tara yara irinsa duk Asabar. Na je da zaton allo da alli, sai na tarar da tabarma da ƙwallo. Mai riƙe da ƙwallo shi ke magana, saura su jira. Malama ta tambayi ɗana sunansa, kafin ya motsa na riga na amsa.

"Maman yaro," ta ce tana dariya, "ke ma sai kin karɓi ƙwallo tukuna."

Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bakin uwata na gado.

Da na ba malamar labarin mahaifiyata, sai ta ce in kawo kakar. Ta zaunar da ita a tabarma cikin yara.

"Hajiya, gaisuwa ɗaya za ki yi masa, sai ki yi shiru."

"Ɗaya tal? Ai ko da maƙiyi an fi haka!"

"Amsar tana cikinsa, Hajiya, hanya take nema. Mu ne ke tare mata."

Watanni tsohuwar nan tana zuwa tana koyon shiru. Ta sha wahala, har leɓe take kamawa da yatsu.

Wata safiya a tsakar gida ta ce, "Angona, ina kwana?" Ta kama bakinta. Ya daɗe yana kallon randa, sannan ya ce, "Lafiya lau, Kaka. Ina gajiya?"

Hawaye suka hana ta magana. Na buɗe baki zan amsa mata, sai ya ɗaga min hannu.

"Umma, a jira ta."

Yanzu ya girma, har dattawan ƙofar masallaci yake gaisarwa. Malamar nan ba na sallah in manta da ita a addu'a, Allah Ya saka mata da alheri. Mahaifiyata ta rasu, Allah Ya jiƙanta, amma ba ta tafi ba sai da jikanta ya gaishe ta, kuma ya tsaya ya ji amsarta.