Ƙusa Biyu a Zauren Ƙungiya

Duk layin ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, Baba Juya kawai ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tsaron shagonsa na kayan masarufi a kwanar da ake bi zuwa tashar mota, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa miƙa wa mutum gwangwani ba sai ya juya shi ya duba ƙasansa, inda kamfani ke buga ranar da wa'adin kayan zai cika. Madara ce, kifi ne, tumatir ne, sai an juya. Ko motarka na shirin tashi haka za ka tsaya ya gyara gilashinsa, ya kanne ido ɗaya, ya karanta a hankali. Har tsokanarsa ake yi wai ranar da aka miƙa masa jikansa na fari sai da ya juya jinjirin kafin ya yarda.

Da dako ya fara, a siton wani ɗan sari, yana ɗaukar buhun sukari a ka tun gemu bai fito ba. Daga nan ya samu tebur, daga tebur ya kama wannan shago, kuma a nan ya tsaya. Sa'o'insa da suka yi dako tare sun zama masu manyan kantuna da motocin ɗaukar kaya, shi ko a jikinsa. Mutum ne mai taurin kai na ban haushi, ga baki ba linzami. Shekara goma sha biyu ke nan da ya mayar wa shugaban ƙungiyar masu shaguna katan arba'in na madara, don ya gano an goge kwanan watan an buga sabo, kuma bai tsaya nan ba sai da ya faɗa a gaban taro. Tun daga ranar ba sa ga-maciji. In sun haɗu a hanya sai kallon hadarin kaji.

Ita wannan ƙungiya tana da wani tsari da take ji da shi. Duk ƙarshen shekara takan zaɓi 'ya'yan ƙananan ma'aikata, na 'yan dako da direbobi da masu jera kaya, ta ɗauki nauyin karatunsu, kuma kowane tallafi da sunan wani jigo na sana'ar ake yin sa. Iri biyu ne. Akwai na karramawa, da sunan wanda ke raye, a rataye hotonsa a bangon dama na zauren taro. Akwai na tunawa, da sunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, su kuma nasu bangon hagu. In mutumin bangon dama ya cika, sai a sauke hoton a tsallaka da shi. Baba Juya yakan yi musu dariya, ya ce manya suna ta kashe kansu a kan waye zai hau bango kamar ƙadangaru. Shi dai ya san ko ƙadangarun sun ƙare ba za a kai kansa ba.

To, wajen wata biyu da suka wuce ciki ya fara damunsa. Abinci ba ya zama, wando ya fara zamewa, har sai da ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Babban ɗansa, wanda ƙannen ke kira Yaya, ya matsa aka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka yi ta kai da kawo. Ranar da aka koma, likitar ta yi ta masa murmushin da bai gane dalilinsa ba, sannan ta ce Yaya ya biyo ta ya sa hannu a wata takarda. Sa hannun nan ya ɗauki kusan rabin awa. Da yaron ya fito idonsa ja wur, ya ce fanka ce ta hura masa ƙura, kuma ba komai ba ne, gyambon ciki ne, a rage yaji a sha magani.

Baba Juya ya yarda, ko kuwa ya so ya yarda. Amma daga ranar gidansa ya canza, kuma canjin ne ya fi ciwon cikin hana shi sakat. Matarsa, uwar yaran, mace ce mai baki kamar reza, shekara arba'in suna fafatawa a kan komai, daga yawan sukari a shayi har zuwa inda yake jefar da takalmi. Kwatsam sai ta koma "to" a kan duk abin da ya ce. Ya gwada ta da gangan, ya ce miyarta ba gishiri alhali gishirin har ya yi yawa, ta ce to, za ta ƙara. Yaya, wanda kullum ke damunsa a sayo na'urar karanta farashi a canza tsoffin kantocin katako, ya yi shiru kamar an ɗinke masa baki. Autarsu da ke aure a gari mai nisa ta diro da yara biyu ana tsakiyar zangon karatu, wai kewa ce ta kawo ta. Kewa! Yarinyar da sai a yi wata uku ba ta ɗaga waya ba. Tsoro ya fara shigarsa, amma bai gaya wa kowa ba, don bai san me zai ce yana tsoro ba.

Ana haka sai ga sakataren ƙungiya da hantsi, ya sha guga, riƙe da ambulan. Ya gaishe shi har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ƙungiya ta zauna ta ga babu wanda ya riƙe amanar sana'ar nan kamar Baba, don haka an buɗe sabon tallafin karatu na karramawa da sunansa, kuma shugaba da kansa ya kawo shawarar. Za a yi taron nan da sati uku. Abin da ake buƙata kawai hoto mai kyau.

Baba Juya ya karanta takardar sau biyu. Ya tambaya yaushe aka fara yin taron nan a tsakiyar shekara. Sakatare ya ce ai za a yi wa zauren gyara a ƙarshen shekara ne, shi ya sa. Yana faɗa yana kallon katan ɗin sabulu, kamar a jikinsa aka rubuta amsar. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, ya fita da sauri.

Ba za a ce bai ji daɗi ba. Ya ji, har ya kama kansa yana shafa takardar. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mutumin da ka tona wa asiri a bainar jama'a ba ya wayar gari ya ce a rataye hotonka don Allah da son zumunci. Da la'asar ya hau ɗan bencinsa yana aikin da ya saba yi duk ranar Talata: ya bi kantocin shagonsa ɗaya bayan ɗaya, duk gwangwanin da wa'adinsa ya kusa sai ya zaro shi daga lungu, ya goge masa ƙura, ya jawo shi gaba inda fitila ke haskawa, don ido ya faɗa kansa kafin lokaci ya ƙure. Sababbi kuwa a tura su baya, su ba sa sauri. Yana riƙe da wani gwangwanin madara da ya shekara a lungu ba wanda ya kula shi, yana goge shi da tsumma, sai hannunsa ya tsaya. A sana'ar nan ba a jawo kaya gaba sai da dalili ɗaya, kuma shi ya koya wa rabin masu shagunan layin haka. Ya sauko daga bencin a hankali, ya zauna a kan buhun shinkafa.

Kwana huɗu yana kallon mutanen gidansa suna kallonsa. In ya shigo hira ta mutu, in ya fita ta tashi ƙasa-ƙasa. Ya so ya tambaya, amma duk sanda ya buɗe baki sai wani ya miƙo masa matashi ko ruwan ɗumi. Ran nan da safe Yaya ya ce zai buɗe shago, Baba ya huta, hoton ma shi zai kai ƙungiya in ya samu sarari. Baba Juya ya ce to. Yaron na fita ya ɗauki hoton, wanda aka ɗauke shi tun yana da kumatu, ya naɗe a jarida ya kama hanya. Tafiyar da a da ba ta kai masa minti goma sha biyar ba, sai da ya zauna sau biyu a bakin shagunan mutane.

Ofishin sakatare a rufe yake, amma zauren a buɗe. Kujeru a kife a kan tebura, hotuna a jere dama da hagu, rabinsu mutanen da ya yi dako tare da su. Wani kafinta ne kawai a ciki, magidanci mai faɗin kafaɗa da fensir a bayan kunne, yana kan tsani a bangon dama. Ba ɗan unguwar ba ne, bai san Baba ba. Suka gaisa, Baba ya ce sakatare yake jira, ya jawo kujera ya zauna da jaridarsa a cinya.

Kafinta ya auna, ya buga ƙusa a ƙarshen layin masu rai, ya girgiza ta ya ga ta zauna. Sai ya sauko, ya saɓa tsaninsa, ya ratsa zauren zuwa bangon hagu, ya sake hawa ya fara aunawa.

"Malam kafinta, hoto biyu za a sa ne?" in ji Baba Juya.

"A'a Baba, ɗaya ne. Wani dattijo ne mai shago za su karrama. Sakatare ya ce in buga a can, in zo nan ma in buga, don kada a sake kirana nan da 'yan kwanaki." Ya cire ƙusar daga bakinsa ya daidaita ta. "Wai shi bawan Allahn bai ma sani ba. Iyalinsa sun ce kada a gaya masa. Allah dai ya sa mu cika da kyau."

Baba Juya ya ce amin. Ya zauna yana jin bugun gudumar har sau biyar. Bai yi kuka ba, bai kuma yi fushi da kafinta ba, mutumin aikinsa yake yi, kuma ya yi shi da kyau. Abin da ya ji kunya ce da wani irin kaɗaici: ashe duk garin an sani, har baƙon kafinta, shi kaɗai aka bari a waje kamar ƙaramin yaro. Ya miƙe da jaridarsa ya fita, kafinta na tambayar ko a faɗa wa sakatare wa ya zo.

Ya biyo ta shago don ya titsiye Yaya, sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Rana tsaka, ranar aiki, ga mutum biyu a tsaye suna jira. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya ce yaron ya buɗe, aka kira shi a waya, ya rufe ya hau mota tun ɗazu. Shi ma mai gyaran wayar bai iya haɗa ido da shi ba.

A gida ya samu uwar yaran ita kaɗai a ɗakin girki, tana zaune a gaban kwanon albasa da wuƙa a hannu, ba ta yanka ko ɗaya ba. Ya ajiye hoton a kan tebur, ya jingina da ƙofa don ƙafafunsa sun gaji. Ya gaya mata inda ya je da abin da ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa sayar wa kowa abin da ya san ya lalace ya ce masa lafiyayye ne ba, don haka bai ga dalilin da za a yi masa haka a gidansa ba. Sannan ya tambaye ta wa ya kai maganarsa wurin shugaba.

"Ni ce," ta ce. Muryarta ta dā ce ta dawo, mai kaifin nan, kuma sai ya ji ya fi samun natsuwa da ita. "Ni na je har ofishinsa na tsaya. Na ce masa na san abin da za su tashi su faɗa a bayanka, da shi da sauran munafukan, cewa ba a yi mai amana kamarka ba. Na ce in da gaske ne su faɗa a gabanka, kana ji da kunnenka. Shekara arba'in ba wanda ya ce maka sannu, Maigida. Ni ma ban ce ba."

Ya so ya yi mata faɗa a kan zuwa roƙon mutumin nan, faɗan ya ƙi fitowa. Ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da ita, ya ce to shi ke nan, ya ji, zai je. Zai sa kaya masu kyau ya zauna a gaba, ya ga yaron da za a ba tallafin, ya kuma ji yadda bakin shugaba zai iya furta kalmar amana ba tare da ya ƙware ba. Sati biyu da 'yan kwanaki ai kamar gobe ne, zai lallaɓa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙar a cikin kwano, ta goge hannunta da bakin zane duk da ba abin da ya taɓa shi.

"Likita ce ta kira Yaya ɗazu, wani sakamakon ya fito," ta ce. "Na ce masa daga asibitin ya wuce wurin shugaba. A dawo da taron jibi."