Uwar da Ta Ƙi Kallon Ɗanta

Na manta abubuwa da yawa na aikin jinyar yara, amma akwai wata safiya a unguwar Tandabawi ta Makka da ko tsufa bai iya goge min ita ba. A shekarun sittin ne, ina sabuwar ma'aikaciya a ƙaramin asibitin unguwa. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa, ni kuwa har da hura hanci, alhali a Makka aka haife ni, Hausar tawa rabinta Larabci ce.

Wata matashiya ta shigo da jariri, gudawa ta tsotse shi har maɗigarsa ta faɗa. Ta kwantar da shi kan tebur, ta juya fuska bango. Na ce, "Ɗanki ne?" Ta ƙara kau da kai. "Yaya sunansa?" Ta ce, "Yaron gidanmu ne."

Likitanmu Bamisire ne mai saurin hawa. Ya ce dole a kwantar da yaron yau, kuma sai uwarsa ta dangwala yatsa a takarda. Ba a daɗe da gama Hajji ba, lokacin da yara ke ɓata, don haka ya ce in babu uwa zai kira askari, wato ɗan sanda. Da ganinta na san cikin waɗanda suka zo Hajji suka zauna ba takarda take. Askari na zuwa, ita sai jirgin ruwa a Jidda, yaron kuma Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa.

Kaina ya ɗaure tamau. Yaron ya tsala kuka, sai na ga gaban rigarta ya jiƙe da nono. To, wace irin uwa ce wannan? Ko sato shi ta yi? In sato shi ta yi, nonon fa? Haushi ya kama ni, na ce, "Ya uhti, 'yar'uwata, in naki ne ki ce naki ne mana!" Hawaye suka zubo mata.

Sai wata tsohuwa Basakkwata da ke jiran layi ta daka min tsawa: "Ke ɗiyar nan, wa ya rene ki? Ɗan fari na! Mi kika so ta ce gaban mutane?"

Ni auta ce, uwata daga safe har dare sunana take kira, ban taɓa sanin ana kunyar ɗan fari ba. Na juya ina fassara wa likita. Ya zaro ido: "Kunya? Ba ta da aure ne?" Na ce da aurenta. Ya ce, "To kunyar me?" Wallahi ni ma ban sani ba. Tsohuwar ba ta jira mu ba, ta kamo hannun matashiyar, ta tsoma babban yatsanta a tawada ta danna a takardar. Likita ya haƙura, aka kwantar da yaron.

Da azahar na leƙa bayan labule. Matashiyar ba ta san ina nan ba. Ta riƙe ƙafar yaron da hannu biyu, ta manna ta a kumatunta, tana raɗa masa sunan da ta hana ni.

Ranar na gane jin harshen mutane daban, sanin su daban, kuma ashe na kusa raba uwa da ɗanta da tambaya ɗaya. Tun daga nan ban sake ce wa mace "naki ne?" ba. Nakan ce, "Yana da wa ko ya?" In ta girgiza kai tana kallon ƙasa, sai in miƙa mata tawada.