Na Zargi Mahaifina da Shan Giya, Ashe Tsohuwar Allura Ce

A farkon shekarun 1980 ni sabon malamin firamare ne a Lafiya, ina ji da ɗan bokon da na yi, gani nake babu abin da ya shige mini duhu. Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin duniya na biyu, da ya dawo ya kama fataucin gishiri daga Keana. Mutum ne mai shiru-shiru, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu.

Wani ciwo ya soma masa da rama, sai idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura. Na kai shi asibiti, likita ya ce hanta ce, ya tambaye ni ko yana shan giya. Tambaya ce kawai, amma ni na ɗauke ta hukunci. Na tuna yadda yakan kwana biyu a hanyar fatauci, na tuna abin da ake faɗa game da sojoji. Da muka koma gida, a gaban mahaifiyata da ƙannena, na ce masa ya ji tsoron Allah, ya daina yaudarar jama'a da kiran salla. Bai yi musu ba. Ya dube ni, ya ce tunda na yi karatu ai na fi shi sani. Maganar ta fita waje, aka naɗa wani ladanin.

Bayan wata huɗu aka tura mu babban asibiti a wani gari. Wani dattijon likita ya ɗaga hoton cikin Baba, ya nuna mini hanta da saifa sun yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. Ya tambayi Baba ko a can baya an taɓa yi masa allura kafin a ɗauki hotonsa. Baba ya ce ƙwarai, a asibitin soja, lokacin da ya ji rauni a ka. Likitan ya ce ruwan allurar nan ba ya barin jiki, yana zaune yana fitar da wata guba da ido ba ya gani, yana cin hanta a hankali har ta zama ciwon daji, shi ya sa aka daina amfani da shi tuntuni. Ya ce babu magani.

A mota na roƙi gafarar Baba, ya ce ya yafe. Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. Na bi gida-gida ina janye maganata, amma har yau akwai masu cewa rufa masa asiri nake yi.

Da na zauna na tambaye shi tarihin jikinsa, da na sani. Ina roƙon masu jinya, in an faɗa muku sunan ciwo kada ku ƙirƙiro masa dalili. Ku tambayi majinyacin. Ni ya yafe mini, amma ban iya mayar masa da sunansa ba.