Mama Edith da Zuriyar Sanda Baduku

Kafin rana ta fara gasa rufin gidajen Hor Al Anz a Dubai, Mama Edith ta riga ta fito daga ɗakin da suke haya da wasu mata, tsohuwar jakarta a hammata, ta tsaya jiran bas. Ita ke buɗe ofishinmu na kago, wato aika kaya gida, a Deira. Ta kunna na'urar sanyi, ta ɗora shayi, sannan ta zauna tana rubuta sunayen masu kaya a jikin kwalaye, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Tun shekarar da aka buɗe jirgin metro muke aiki tebur da tebur, kuma ban taɓa jin kwalin Kano ya sauka a Yamai ba. Ranar Juma'a idan mun nufi masallaci, ita sai ta hau kwale-kwalen abra ta ƙetare ruwa zuwa coci, inda take riƙe da wani aiki marar albashi. Duk ɗan Arewa Kirista da zai yi aure ko baftismar jariri a nan, ita ke nemo masa takardunsa daga cocin gida.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Kafanchan. Ni Gidaɗo, Musulmi ne, ɗan Gombe, ba ni da hurumi a harkar coci. Amma na ga abin da matar nan ta yi a 2012, kuma ba zan bari ta hau jirgi ban faɗa ba. Ta hana ni rubutawa, na ce mata khalas, an gama, ai ta makara.

Akwai wani saurayi, Fortune, mai gyara mana na'urar sanyi. Ya samu yarinya, Diana, mai karɓar baƙi a wani otal a Port Saeed. An sa rana, har an fara sanarwar aure a coci. Sai takardun baftismarsu suka iso hannun Mama Edith, ta kira su ofis, ta shimfiɗa takardun biyu a kan wani kwali.

"Fortune, an rubuta mahaifinka Irmiya Sanda. Wane Sanda ne?"

"Kakana ne, Mama. Baduku ne a Unguwar Marke, can bayan Malumfashi."

"Diana, ke kuma an rubuta mahaifiyarki Mariya Sanda. Daga ina take?"

Diana ta ce ba ta sani ba. Uwarta ta auri soja ta bi shi Yola, ta rasu Diana tana ƙarama, dangin uba suka rene ta. "Abin da aka taɓa gaya mini kawai, babanta takalma yake ɗinkawa."

Mama Edith ta ɗora yatsa a ƙasan takardar Diana, inda aka rubuta ƙauyen uwar. Unguwar Marke ne.

 Idan Irmiya da Mariya wa da ƙanwa ne, to Fortune da Diana kakansu ɗaya, kuma cocinsu ba ya yarda da irin wannan aure. Ni da bakina da ba ya iya shiru na ce, "To ai auren zumunci ke nan, Mama. A gidanmu da guɗa ake yin sa." Ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Gidanku ke nan, Gidaɗo."

Fortune ya matso kusa da ita. "Mama, Fadan nan ɗan Indiya ne. Bai san Sanda ba, bai san Unguwar Marke ba. Ke kaɗai kika gani."

"Ni kaɗai ɗin ma ido ne, ɗana. Kira mini babanka."

Aka kira, aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Bayan gaisuwa ta tambaye shi kai tsaye, "Baba, Sanda baduku ne ya haife ka?" Dattijon ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Sanda ubana ne." Da aka ambaci Mariya kuwa sai ya fashe da kuka, ya ce ƙanwarsa ce, tun da soja ya tafi da ita bai sake jin ɗuriyarta ba. Diana ta cire zobe ta ajiye a kan kwalin, ta fita.

Daga ranar Mama Edith ta ɗebo ruwan dafa kanta. A coci wasu suka daina amsa gaisuwarta. Wata da suke ɗaki ɗaya ta ce mata da ta bar kaza cikin gashinta da yanzu ana ɗinkin anko. Fortune ya daina zuwa, muka yi ta gumi a ofis ba mai gyara. Diana kuma kwantiragin aikinta na gab da ƙarewa, ta ce ba za ta sabunta ba, Yola za ta koma, kuma kowa ya san idan ta tafi ta tafi ke nan. Na ji haushin mutanen nan, kuma na ji tausayin Mama, don na ga yadda ta rame.

Wata safiya ta ajiye alƙalami ta ce mini, "Gidaɗo, na tambayi tsohon nan wa ya haife shi, ya gaya mini wane ne ubansa. Kuma sai da ya yi shiru."

"To ai duk ɗaya ne, Mama."

"Inshallah. Zan je in gani."

Ke ce, Mama Edith, kika ɗauki hutunki na shekara, wanda kika yi wa jikarki alkawarinsa, kika sauka Kano a shekarar da kowa ke gudun hanya. Daga shingen sojoji zuwa shingen sojoji, ana sauke ku ana zazzage jaka, har kika kai wata tsohuwar cocin mishan da ba ki da kowa a cikinta. Kafin ki tashi kin roƙi Diana ta jira ki, ta ce miki ranar da bizarta ta ƙare jirgi za ta hau.

Abin da ya faru a can, katikis ɗin cocin, Malam Abednego, shi ya ba mu labari daga baya, don ita in ka tambaye ta sai ta ce ba komai. Ya buɗe mata kabad ɗin tsofaffin littattafai, gara ta ci gefen wasu. Ta zauna a benci tana bi shafi shafi. Ta samo Sanda ɗan Barmo, baduku, da matarsa Lami, an yi musu baftisma rana ɗaya tare da yara biyu, Irmiya babba, Mariya ƙarama. Ta bi Barmo, ta bi 'yan'uwan Sanda da 'ya'yansu, ta bi dangin Lami har ƙauye na gaba. Ko'ina magana ɗaya ce. Ta kira ni a waya, murya a dashe, ta ce, "Littafi ya ce ɗansa ne." A lokacin saura 'yan kwanaki Diana ta tashi, har ta kawo akwatunanta ofishinmu a auna. Ni na auna su, kuma ban taɓa auna kaya da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Da wata ce, da ta haɗa jakarta ta dawo. Ita kuwa sai ta shiga Unguwar Marke gida gida tana gaida tsofaffi. A wani zaure ta samu Iya Wasila, tsohuwa mai daddawa, maƙwabciyar Sanda tun tana amarya. Hira ta yi hira, tsohuwar na dariya ta ce, "Sanda akwai kunya. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan Mariya a bakinsa ba. Sai dai ya ce yarinyar nan. In ta shigo rumfarsa sai ya duƙar da kai kan fata."

"Irmiya fa, Iya?"

"Irmiya? Ai kullum yana bakinsa. Irmiya kawo basilla, Irmiya zo mu ci tuwo. A wuya yake ɗaukarsa zuwa kasuwa."

Malam Abednego ya ce nan ya ga Mama Edith ta dafe ƙirji. Wanda duk ya tashi a ƙasarmu ya san ɗan fari ake wa wannan kunyar. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. To ga babba ana kiran sunansa ana ɗora shi a wuya, ga ƙarama ana sunkuyar da kai. Ta tambayi tsohuwar a hankali ko Mariya ce haihuwar fari a gidan. Iya Wasila ta gane bakinta ya zarce, ta ja mayafi ta ce, "Ni ban ce komai ba, 'yar nan."

Mama ta koma coci ta ce a ba ta littafin jana'iza, wanda ba ta taɓa ba tun zuwanta, don masu rai take nema. A shekarun da suka gabaci baftismar ta samu layi guda. Wata baƙuwa daga arewa, ba a san sunanta ba, ta rasu ranar kasuwa, mishan ta binne ta. A gefe katikis na wancan zamani ya ƙara da hannunsa cewa ta bar jariri namiji, Sanda baduku ya ɗauka. Da aka zo baftisma aka tambayi Sanda ko ɗansa ne, me kuke tsammani zai ce? A wurinmu abin kunya ne mutum ya nuna ɗan riƙo ya ce ba nasa ba ne.

Saura abu mafi wuya. Fadan cocin ya ce layi guda a gefen shafi ba zai ture littafin baftisma ba, sai mai rai ya yi shaida. Iya Wasila ta rufe bakinta. Ba wanda ya rage sai Irmiya, dattijon da ya haura sittin yana amsa sunan ɗan Sanda, kuma Mama ba ta san ko ya sani ba. Ta ce a hanyar rumfarsa sau biyu tana juyawa.

Ta same shi yana huda fata da basillar Sanda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na ga wani abu a littafin jana'iza."

Bai ɗago ba. "Matar kasuwa."

"Ka sani ke nan."

"Tun ina yaro. Wani ya goranta mini a bakin rijiya. Ban taɓa bari Baba ya san na sani ba." Ya ja zare ya ɗaure. "Mutum ya ɗauke ni daga ƙasa, ya ce ɗana, ya ba ni sana'a, ya ba ni suna. Yanzu yana kabari ni in tashi in ce ba ubana ba ne? Tun ranar da kika kira ban yi barcin kirki ba, Malama. Ga ɗana can, ga ubana nan."

"Baba, ba wanda zai sa ka ce ba ubanka ba ne. Ko ni ba zan yarda a goge layin nan na baftisma ba. Ka gaya wa Fada wadda ta haife ka kawai. Amma in ka yi shiru, jikar Sanda za ta hau jirgi, ta ɓace muku kamar yadda uwarta ta ɓace."

 Ya soke basillar a jikin fata, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ta wuce gaba su je wurin Fada.

Wasiƙar Fadan can, mai cewa ba jini tsakaninsu, ta iso Dubai akwatunan Diana na jingine a bayan teburina, an riga an liƙa musu suna. Ni na yage takardar sunan daga jikin akwatunan da hannuna. Fortune ya shigo ya durƙusa gaban kujerar Mama, alhali ba kowa a kanta, don ita tana can tana jiran mota a Malumfashi. Da ta dawo, waɗanda suka daina gaishe ta su ne a gaba wajen yabo. Ba ta ce musu komai ba. Ni dai na ce, kuma ba zan maimaita a nan ba.

Mama Edith, mai bin sawu har gindin tushe. Ke ce kika ƙi rufe ido a ranar da rufewar ta fi sauƙi, kuma da gaskiyar ta yi ɓarna ba ki tsaya kina cewa ai gaskiya na faɗa ba, kika bi ta har inda ta gyara. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, inda ba wanda ya san kakan wani, mun gode. Masu tasowa, in an ba ku amanar takardar mutum, ku tuna akwai rai a bayanta, ku karanta ta yadda matar nan ke karantawa, sannan ku tashi ku je ku gaida tsofaffi.

A jakarta ta dawo da takalmin amarya na jar fata, ɗinkin Baba Irmiya, da saƙon baki da ya ce ta faɗa wa Diana ranar aure. Na ji ta faɗa a ƙofar coci, inda na tsaya da hulata. Ya ce, "Ki gaya wa 'yar Mariya, jinin Baba da ban samu ba, ita za ta kawo wa jikokina."

Ɗansu na fari yana da shekara biyu yanzu, sunansa Sanda. Jiya suka kawo shi ofis yin sallama, yana ta hawa kan kwalaye. Mama Edith na kiransa Sanda, Sanda, Fortune kuwa ya kawar da kai ya ce, "Mama, kama mini yaron nan kada ya faɗi."